Tokar Ciyawar Teku da Maganin Maƙoƙo

Ƙasar Hausa tana nesa da teku, saboda haka kakanninmu ba su raɗa wa wannan tsiro suna ba, sai dai mu ce ciyawar teku. A gaskiya ma ta fi kusa da gansakuka bisa ga ciyawa, gama ba ta da saiwa, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Manne wa duwatsu ta ke yi a bakin gaɓa, tana shan abincinta daga ruwan gishiri ta ko'ina a jikinta. Akwai koriya, akwai ja, akwai kuma mai ruwan ƙasa, wadda wani irinta ya kan yi tsawo da kauri kamar linzamin fata. Wanda ya zauna a Landan ko a biranen Amurka ya ga garinta da ƙwayoyinta a kanti, an rubuta a jikin kwalba wai tana hana tsufa, tana kare zuciya, tana korar cuta iri iri. Kafin mutum ya ba da kuɗinsa ya kamata ya ji tarihin abin, domin ba yau aka fara shan ciyawar nan don magani ba, kuma an rubuta amfanin da ta yi da ɓarnar da ta yi.

Cutar da aka fara saninta da ita ita ce maƙoƙo, wanda ba sai an kwatanta wa Bahaushe shi ba. A ƙasar Sin, tun ƙarni na 4, wani malami mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa ciyawar teku a ba mai kumburin wuya. A ƙasar Italiya, cikin ƙarni na 12, likitocin makarantar Salerno su kan ƙona soson teku da ciyawar su ba da tokar. A garin Coventry na Ingila akwai wani gida da suka daɗe suna cin abinci da asirin maganin maƙoƙo, da aka tona asirin a 1779 sai aka tarar ƙonannen soso ne. Duk waɗannan sun ga magani yana ci, amma ba wanda ya san dalili. Game da asalin cutar kuwa kowa da abin da ya ke faɗi. Waɗansu suka ce shan ruwan ƙanƙara ne, waɗansu suka ce iskar kwari ce, waɗansu suka ce gado ne.

Abin mamaki, ba likitoci ne suka buɗe hanyar sanin dalilin ba. Masu sabulu ne da masu gilashi da masu albarushi.

Kowa ya san yadda mata ke tace toka su sami ruwan da a ke dafa sabulu da shi. To, masana'antun sabulu da na gilashi a Ingila ma toka su ke nema, mai yawan gaske. Wadda ta fi kyau daga Sifen a ke kawo ta, tokar wani tsiro ne na bakin teku da a ke kira barila. A 1722 wani mai ƙasa, James Fea, ya fara ƙona ciyawar teku a tsibirin Stronsay, cikin tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, don ya sami toka mai araha. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa tsibiran yamma, watau Hebrides.

Aikin kuwa na wahala ne ƙwarai. Sai teku ta janye mutane su shiga da lauje, maza da mata, cikin ruwa mai sanyi kamar ya yanke ƙafa, su yanko ciyawar daga jikin duwatsu. A jawo ta tudu, a shanya, in ruwan sama ya sa baki aikin ya koma baya. In ta bushe a zuba cikin rami da aka jere da duwatsu, a sa wuta, a yi ta juyawa da sandunan ƙarfe sa'o'i da yawa cikin hayaƙi mai cin ido, har ta narke ta zama kamar kunu mai kauri. Da ta huce sai ta daskare ta zama dutse mai shuɗi-shuɗi, a farfasa, a loda a jirgi. Sai an yanko kamar tan 20 na ɗanyar ciyawa kana a sami tan ɗaya na toka. Kuma lokacin aikin shi ne lokacin noma, ciyawar da a ke ƙonawa kuwa ita ce takin gonakinsu tun kaka da kakanni. Mutanen Stronsay ba su yarda da abin ba tun farko. A 1762 suka yi bore, suka farfasa ramuka, suna cewa hayaƙin yana sa dabbobinsu ciwo, yana ɓata amfanin gona, yana korar kifi. Aka kama shugabanninsu, sana'a ta ci gaba.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a zamanin Napoliyon, hanyar barila ta toshe, sai tokar Sikotilan ta yi daraja, har wajen 1810 tan ɗaya ya kai kimanin fam 20. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A nan dai waɗanda suka san inda toka ke kuɗi dabam, waɗanda rumbunsu ya ƙone dabam. Masu ƙasa suka ce gaɓar teku tasu ce da duk abin da ya tsiro a kanta. Wanda ya shiga ruwa ya yanka ya ƙona, abin da ya kan samu a tan bai wuce fam biyu ko uku ba, sau da yawa ma ba ya ganin kuɗin da idonsa, sai a cire a kuɗin hayar gona. Da gangan aka yanyanka gonaki ƙanana ƙanana, yadda ba wanda zai ci da iyalinsa daga noma kaɗai, tilas ya shiga aikin toka. Da mutane suka fara tsere wa wannan hali suna ƙaura zuwa Amurka da Kanada, sai majalisar Ingila ta yi doka a 1803 a kan jiragen fasinja. A takarda an ce don lafiyar matafiya ne, amma abin da ta haifar shi ne kuɗin jirgi ya yi tsada har talaka ba ya iya biya, watau dai masu ƙasa sun tsare ma'aikatansu.

Yaƙi ya ƙare a 1815. Barila ta komo, aka rage mata kuɗin fito a 1822, aka soke harajin gishiri a 1825. Soke harajin nan shi ya ƙarasa kashe kasuwar, domin tun 1791 wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya gano yadda za a fitar da irin wannan sinadari daga gishirin ci, tsadar gishiri ce kawai ta hana a bi hanyarsa a Ingila. Toka ta faɗi warwas. Mutanen da aka hana tafiya jiya, yau suka zama kaya a wuyan masu ƙasa, gama tumaki sun fi su kawo riba. Aka shiga tashinsu daga ƙauyukansu. Yunwa ta biyo baya da dankali ya lalace a 1846, a 1851 kuwa Kanar John Gordon, wanda ya sayi tsibiran Barra da South Uist, ya sa aka loda mutum fiye da dubu a jiragen ruwa zuwa Kanada, waɗansu ma sai da aka farauto su aka ɗaure.

Yaƙin nan da ya ɗaga kuɗin toka a Sikotilan shi ne kuma ya matsa wa Faransa. Jiragen Ingila sun tsare teku, gishirin da a ke haɗa albarushi da shi ba ya isowa daga Indiya, sai Faransawa suka koma yin nasu a gida. Cikin masu wannan sana'a a birnin Paris akwai Bernard Courtois, haifaffen Dijon a 1777. Aikin yana bukatar toka, tokar itace ta yi wuya, shi ya sa ya koma ga tokar ciyawar teku da a ke kawowa daga gaɓar Normandi da Biritani. Ya lura tukwanensa na tagulla suna cinyewa da wuri, bai san abin da ke cinsu ba. Ran nan, cikin 1811, ya zuba ruwan batir mai ƙarfi a kan ragowar ruwan tokar, ya zarce ƙima, sai ga wani hayaƙi shunayya ya turnuƙe. Da hayaƙin ya taɓa wuri mai sanyi sai ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi baƙi-baƙi masu ƙyalli, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Ana ba da labari wai kyanwarsa ce ta ture kwalba, amma wannan hira ce kawai.

Courtois ya gane sabon abu ne, amma ba shi da kuɗi ko sukunin bincike, ga iyali, ga sana'a. Sai ya rarraba wa abokansa masana. Biyu daga cikinsu, Desormes da Clément, suka bayyana labarin a gaban majalisar masana ta Faransa cikin Nuwamba 1813. Gay-Lussac ya gwada ya tabbatar sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya. Sunan nan ne ya bi ta bakin Turawa ya iso gare mu ya zama aidin, wanda kowane yaro ya san zafinsa a kan gyambo. A daidai lokacin kuwa babban masanin Ingila, Humphry Davy, yana Paris. Ko da ya ke ƙasashensu na yaƙi, Napoliyon ya ba shi izinin shiga. Shi ma aka ba shi ɗan kaɗan, ya gwada a masauƙinsa, ya aika da takarda Landan, daga nan gardama ta tashi a kan wa ya riga wa. Su biyun dai sun yarda Courtois ne ya fara gani. Shi kuwa da yaƙi ya ƙare gishirin Indiya ya komo, sana'arsa ta durƙushe. An ba shi kyautar faran 6,000 a 1831, amma ya mutu a 1838 ba shi da kome.

Wanda ya haɗa wannan da maƙoƙo wani likita ne na birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, Jean-François Coindet. Ƙasarsu ta duwatsu ce, nesa da teku, maƙoƙo kuwa ya yi mata katutu. Akwai kwaruruka inda wanda ba shi da shi ne abin kallo, kuma a irin wuraren nan a kan haifi yara da ba sa girma, ba sa ji, ba sa magana, hankalinsu bai cika ba. Coindet ya yi tunani, tun da ƙonannen soso yana magani, ciyawar teku ma tana yi, aidin kuwa daga ciyawar teku aka fitar da shi, watakila shi ne sirrin. Ya narka aidin ya riƙa ɗiga wa marasa lafiya a ruwa, mutum wajen 150. Cikin 'yan makonni wuyan da yawansu ya saɓe. Ya karanta sakamakon a gaban masanan ƙasarsu a 1820.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya. Labari ya bazu, mutanen Janiba suka ruga wurin masu sayar da magani, kowa ya sayi kwalbarsa, har waɗansu na rataya ta a wuya kamar laya suna kurɓa yadda suka ga dama. Ba a daɗe ba aka fara ganin masu faɗuwar gaba, da rawar hannu, da rashin barci, da rama har ƙashi ya fito. Coindet da kansa ya rubuta ya yi gargaɗi a kan yawan sha, ya bayyana alamun, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hukuma ta hana sayar da aidin sai da takardar likita, mutane suka koma kiransa guba, likitan da a ke yabo jiya ya zama abin zagi. Tsoron nan ya daɗe a zukatan likitocin Turai, ya kuwa jawo hasara babba. Wani masani, Boussingault, ya ga a ƙasar Kolombiya masu cin gishirin waɗansu rijiyoyi ba sa maƙoƙo, ya auna ya tarar da aidin a ciki, tun wajen 1830 ya ba da shawara a riƙa ba jama'a irin wannan gishiri. Wani kuma, Chatin, ya yi shekaru bayan 1850 yana auna ruwa da ƙasa da abinci, ya nuna inda aidin ya yi ƙaranci nan cutar ta ke. Manyan masanan Paris suka ƙi karɓa. A ganinsu abin da bai kai ƙwayar ƙura ba ba zai hana cuta mai girma haka ba.

Sai a 1895 Eugen Baumann, a Freiburg ta Jamus, ya sami aidin tare a cikin 'yar tsokar nan ta gaban maƙogwaro wadda ita ke kumbura. Daga nan magana ta fara fitowa fili. Tsokar nan tana tsame aidin daga jini ta haɗa wani sinadari da ke tafiyar da ɗumin jiki da girma da ginin ƙwaƙwalwa. In ba ta samu isasshe ba sai ta yi ta ƙara girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai, shi ne maƙoƙo. Ruwan sama kuwa tun fil azal ya ke wanke aidin daga tuddai yana kai shi teku, ciyawar teku mai ruwan ƙasa tana tara shi a jikinta ninki dubbai bisa ga ruwan da ta ke ciki. Abin da baligi ke bukata a yini mikrogiram 150 ne, watau duk rayuwarsa bai cika ƙaramin cokali ba.

A 1917 David Marine ya yi gwajin da ya kashe gardama, a makarantun 'yan mata na garin Akron a Amurka. Cikin yara 2,190 da aka ba aidin, 5 kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba a ba su ba, 495 suka yi. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, jihar Michigan ta bi a 1924, cikin tsara ɗaya aka daina haihuwar irin yaran nan a kwarurukan Suwizalan. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993. A Afirka akwai abin da ke ƙara tsananta cutar inda aidin ya yi ƙaranci, kamar rogon da bai jiƙu sosai ba, kuma binciken da aka yi a Darfur ya nuna dogara ga gero kaɗai ma yana taimaka mata. Ita ciyawar teku kuwa, wadda ta buɗe hanya, an bar ta a baya. Masana'antun Glasgow sun yi shekaru suna fitar da aidin daga toka, har aka same shi da araha a hamadar ƙasar Cile. Yawancin na duniya yanzu daga Cile da Japan ya ke fitowa, daga ƙarƙashin ƙasa.

To, yanzu mu komo ga kwalaben kanti. Abin da a ke tallarsu da shi ya bar aidin ya koma ga waɗansu sinadarai da za mu iya kira makaran tsatsa. Iskar oksijin da mu ke shaƙa ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ke sa goro ya sauya launi in an fasa shi an ajiye, ita ke ɓata mai in ya daɗe. A cikin jiki ma, wajen ƙona abinci, a kan sami waɗansu ɓarɓashi masu cin duk abin da suka taɓa. A 1956 wani Ba'amurke, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa irin wannan tsatsa ce ke kawo tsufa. Ciyawar teku kuwa lalle tana da makarai, kuma da dalili. Sau biyu a yini teku ta kan janye ta bar ta a rana da iska, in ba ta da abin kare kanta da ta ƙone. Tun 1913 Harald Kylin na Suwidin ya fitar da wani abu mai yauƙi daga jikinta, wanda yanzu a ke kira fukoidan, a 1914 kuma Willstätter da Page suka ware fukozantin, wanda shi ke ba ta launin ƙasa. Akwai kuma irin sinadarin nan mai bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar jima. A kwalbar gwaji duk suna kashe ɓarɓashin nan sosai, a jikin ɓeraye ma an ga waɗansu alamu masu daɗin ji game da ƙiba da sukari da kumburi.

Amma tsakanin kwalbar gwaji da jikin ɗan Adam akwai tafiya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane da sinadaran ciyawar teku ƙanana ne, na 'yan makonni ko watanni, ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Inda aka yi babban gwaji a kan wani makarin tsatsa kuwa, abin da ya fito ya ba kowa mamaki. A Finlan aka ɗauki maza mashaya taba fiye da 29,000, aka ba waɗansu ƙwayar bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja, da zaton zai kare su daga sankarar huhu. Da aka buga sakamako a 1994, waɗanda suka sha sun fi kamuwa da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwaji a Amurka, mai mutum fiye da 18,000, aka tsai da shi a 1996 kafin lokacinsa saboda ya nuna ƙarin kashi 28. A 2012 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta janye jerin da ta buga na ƙarfin makaran tsatsa a abinci iri iri, ta ce 'yan kasuwa na amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba, alhali ma'aunin na kwalba ne.

Masu talla su kan kafa hujja da mutanen Japan, masu cin ciyawar teku kullum da tsawon rai. Gaskiya ne suna ci, a miya da shinkafa, kuma abinci ne mai kyau, mai harza da gishirin jiki. Sai dai suna cin kifi da waken suya da ganye, ga asibiti a kusa, ba mai iya ware rabon ciyawa a cikin wannan. Kuma a Japan ɗin ne, a 1965, likitoci suka ba da labarin maƙoƙo a ƙauyukan masunta na gaɓar Hokkaido, wanda yawan aidin ya kawo, don suna cin irin da a ke kira kombu ba ƙaƙƙautawa. Giram ɗaya na busasshen kombu ya kan ɗauki ninki goma na bukatar yini, ko fiye. Wanda ya haɗiyi garinsa a ƙwaya safe da yamma, musamman mace mai ciki ko mai ciwon tsokar wuya, bai bambanta da mutanen Janiba masu kwalba a wuya ba, sai dai su sun san abin da su ke sha.

Tsiron da ke tara aidin yana tara waɗansu abubuwan kuma. A 2004 hukumar abinci ta Ingila ta gargaɗi jama'a su bar cin wani iri mai suna hijiki saboda gubar asanik da ke cikinsa, Kanada ma ta riga ta yi irin wannan gargaɗi a 2001. Hijikin nan yana cikin irin da likitocin Sin na dā ke ba masu maƙoƙo, kuma ɗan uwa ne ga ciyawar nan mai ruwan ƙasa da a ke kira sargasum, wadda tun 2011 teku ke turowa tuli tuli a tsibiran Karibiyan da gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo har Gana da Nijeriya, tana cika tarun masunta, tana ruɓewa a kan rairayi. Masana a ƙasashen nan suna gwada ta ko za ta yi taki ko abincin dabbobi ko a tatsi magani daga jikinta, abin da su ke fara aunawa a kowane kaya kuwa shi ne yawan asanik ɗin da ke ciki.